Birnin Ƙonni: an yanka filaye an sayar, an mance da ɗan haya

Duk ƙarshen wata, da zarar an idar da sallar asuba, akwai sallamar da magidanta da yawa a Birnin Ƙonni suke tsoro fiye da sammacin alƙali: sallamar mai gida, ko ta yaron da ya aiko karɓar kuɗin haya. Wanda ya tanadi kuɗin sai ya miƙa, ya sayi kwanciyar hankalin kwana talatin. Wanda bai tanada ba sai ya fito tsakar gida, gaban matarsa da ƴaƴansa da maƙwabtan ɗaki, yana ba da haƙuri da murya ƙasa-ƙasa. Idan haƙurin bai karɓu ba, abin da ke biyo baya sananne ne: a cire ƙyauren ɗaki, ko a garƙame shi da kwaɗo, ko a wayi gari tabarmi da tukwane suna bakin titi. Ba a zuwa gaban shari'a, domin tun farko ba a rubuta komai ba.

Kowa ya san fasalin gidan da ake wannan cin fuska a cikinsa. Fili ne guda da aka jera wa ɗakuna ta kowane gefe, ƙofa na kallon ƙofa, rufin kwano tsirara mai dafa mutum a watan Afrilu, salanga ɗaya ga babba da yaro, famfo kuwa sai a maƙwabta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gidan haya karin maganar ta juye: wanda ya san wurin yoyon ba shi da ikon gyarawa, mai ikon gyarawa kuma yana barcinsa a wata unguwa.

Wannan hali yana da asali, kuma asalinsa yana cikin ofisoshi. Tun daga samun ƴancin kai a 1960, duk wata manufar gidaje da magabata suka fito da ita mutum biyu take kallo: mai kuɗin sayen fili, da mai albashin da banki zai yarda da shi. Ɗan haya talaka, wanda ba zai sayi fili bana ba kuma ba zai saya baɗi ba, ba shi cikin lissafin kowa. Ƙasar gari, wadda ita ce kaɗai dukiyar da za a iya sama masa masauki da ita, an mayar da ita haja.

Gari na cika, ɗaki na tsada

Ƙidayar jama'a ta 2001 ta sami mutum wajen 45,000 a cikin garin Ƙonni, ta 2012 kuma ta sami sama da 60,000. Wannan ƙidaya ta 2012 ita ce ta nuna al'ummar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara, wato tana ninkawa cikin ƙasa da shekara 20. Ban da haihuwa, Ƙonni na da abubuwan da ke jawo baƙi: babbar hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, iyakar Illela da ke ƴan kilomitoci kaɗan, kasuwar Laraba, gandun noman rani mai faɗin sama da hekta 2,000, da cinikin albasa na yankin Galmi. A shekarun baya-bayan nan an ƙara da mutanen ƙauyuka da ƴan bindiga suka tayar, daga ɓangarorin iyaka biyu. Kowane ɗaya daga cikinsu, kafin ya nemi aiki, wurin kwana yake nema.

A zamanin fatake baƙo ba ya biyan haya. Wajen fatoma yake sauka, a ba shi ɗaki da tuwo, mai masauki kuma ya ci la'adarsa idan an yi ciniki. Wannan tsari ya ja baya tare da jakai da raƙuman da suka kawo shi, kuma babu abin da ya maye gurbinsa sai kasuwar ɗakuna marar linzami.

Su wane ne a cikin ɗakunan? Ɗan kabu-kabu, ɗan dako na tasha, ɗan ga-ruwa, bazawara mai tuyar ƙosai da ƴaƴanta, lebura da ya zo aikin albasa ya zarce. Tare da su akwai malamin lakwal ɗan kwantaragi da aka turo daga Dosso ko Damagaram, da ma'aikaciyar likita, da ƙaramin ma'aikacin ofis. Ma'aikacin gwamnati da ke ganin maganar gidan haya ta talakawa ce kawai, ya tuna makonsa na farko a garin da aka fara tura shi aiki, lokacin da yake bin dillali lungu-lungu da akwati a ka.

Lissafin da ba ya fita

A 2012 an tsayar da mafi ƙarancin albashi a Nijar kan Sefa 30,047, wato jikka talatin da ƴan canji, kuma ya shafe sama da shekara goma bai motsa ba. A ɗauka, don misali kawai, ɗaki guda jikka goma ne a wata. Kashi ɗaya cikin uku na albashin ya tafi ke nan, ba a sayi tiyar hatsi ko ɗaya ba. Mafi yawan ƴan haya kuma ko wannan albashin ba su da shi: abin da rana ta kawo shi ake ci da dare, alhali haya dunƙule take zuwa.

Kafin a shiga ɗakin ma akwai shinge. Mai gida na neman kuɗin wasu watanni a gaba, dillali na neman la'adarsa. Bayan an shiga, gidan da ba shi da famfo ruwan jarka yake saye a hannun ɗan ga-ruwa, kuma kowa ya san ruwan jarka ya fi na famfo tsada nesa ba kusa ba. Ma'ana, talaka na sayen ruwa da tsadar da attajiri mai famfo a tsakar gida bai taɓa biya ba. Inda aka ja wutar lantarki, ma'auni ɗaya ne ga ɗakuna duka, rabon kuɗinsa kuma shi ne rigimar kowane wata.

Sannan ga iyaka. Arzikin Ƙonni da na Illela a ƙulle suke, idan aka rufe hanya an rufe bakin mutane. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta, ba a buɗe ba sai a watan Maris 2024. A duk tsawon waɗannan watanni motoci sun ragu, dako ya ragu, cinikin mai ƙosai ya ragu. Kuɗin haya bai san an rufe iyaka ba.

Fili, saniyar tatsa

Duk wanda ya zaga bayan gari, a Ƙonni ko Madawa, a Tasawa ko Dogon Dutsi, abu ɗaya zai gani: duwatsun shaida jere reras a cikin tsofaffin gonaki, da katangu da aka zagaye filaye da su, ciki babu kowa sai tumfafiya da ledoji. Wasu kangayen sun shekara goma a haka. A ɗaya kusurwar wani kangon za a tarar da bukka, inda wani talaka ke zaune da iyalinsa da sunan gadi, har ranar da mai fili zai aiko a ce ya tashi.

Ta yaya aka kai nan? Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a garuruwan Nijar yankan filaye da sayar da su ya daɗe da zama babbar hanyar shigar kuɗi ga ma'aikatun magajin gari. Harajin kasuwa da na tasha ba su isa biyan ma'aikata, tallafin gwamnatin tsakiya na zuwa a makare, sai a waiwayi gonakin da ke bakin gari. A ba mai gona ƴan filaye diyya, a sayar da saura, a toshe ramin kasafin kuɗin bana. Baɗi a sake yanka wasu. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya kawo zaɓaɓɓun magadan gari, a watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun aka naɗa kantomomi, amma asusun gari yana nan da yunwarsa, gonakin bakin gari kuma suna nan a inda ido ke kai gare su.

Gwamnatin tsakiya ita ta koyar da darasin. Lokacin da bashin albashin shekarun 1990 ya taru ya yi wa baitulmali katutu, a farkon shekarun 2000, zamanin Tandja Mamadu, an biya ma'aikata wani ɓangare na haƙƙinsu da filaye, musamman a Yamai. Ma'aikacin da ya sha watanni babu albashi, mai shago na binsa, mai gida na binsa, da me zai gina fili? Da yawa sun sayar da takardun da araha ga masu kuɗi a hannu. Tun daga nan kowa ya fahimci cewa fili kuɗi ne, ana biyan bashi da shi, ana ajiya a cikinsa.

Ɗan kasuwar Ƙonni da ya ga yadda Naira ke zubewa, da wanda ya tuna daren watan Janairu 1994 da aka karya darajar Sefa da rabi, yana da hujjar neman inda zai ɓoye dukiyarsa, kuma ƙasa ba ta ruɓewa. Laifin yana wuyan hukumar da ta sayar masa da fili biyar ba ta tambaye shi wanne zai gina ba, ta kuma ƙyale sharaɗin gini cikin wa'adi da ke tafe da takardar fili ya zama ado. Sakamakon shi ne gari na faɗaɗa, fili na tsada, ɗakunan haya kuwa suna cunkushe a tsofaffin unguwanni, zaman kashin dankali, na sama ya danne na ƙasa.

Dokoki a Yamai, yoyo a Ƙonni

Ba a rasa takardu ba. A ranar 18 ga Afrilu 1996, ƙasa da wata uku bayan juyin mulkin Ibrahim Bare Mainasara, an sa hannu kan dokar da ta tsara hulɗar mai gida da ɗan haya. A watan Disamba 1998 an amince da dokar manufar ƙasa kan gidaje. Da Faransanci aka rubuta su, a ƙasar da mafi yawan manya ba su karanta Faransanci. A shiga kowane gidan haya a tambayi wanda ya taɓa jin labarinsu.

Ba a rasa hukumomi ba kuma. Kamfanin SONUCI ya gina unguwanni a Yamai, an yi ta alkawarin dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a lokutan yaƙin neman zaɓe, a ƙarshen 2018 kuma aka buɗe bankin gidaje na ƙasa. To amma gidan da ake kira mai sauƙin kuɗi, gida ne na sayarwa, da bashin banki na shekaru, ana cira daga albashi. Banki na tambayar takardar albashi da takardar fili. Ɗan ga-ruwa zai nuna kurarsa ne, ko mai ƙosai ta kai kaskonta? Ko malamin kwantaragi, wanda ba a ɗauke shi aiki na dindindin ba, a bakin ƙofa yake tsayawa. An gina tsani wanda matakinsa na farko ya fi ƙarfin wanda aka ce don shi aka yi.

Hujjar masu gidaje

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu gidaje na da abin faɗa, kuma adalci ne a saurare su. Akwai ɗan hayan da ke shekara bai biya ba, ya sulale da dare ya bar bashin wuta da ɗaki a lalace. Siminti da ƙarfe da kwano da tsada ake sayensu. Ba kuma duk mai gida ne attajiri ba: akwai tsohuwar da ɗakuna biyun da mijinta ya bari su ne abincinta, akwai ma'aikacin da ya yi ritaya ya zuba ɗan abin da ya samu a ginin ɗakuna huɗu. Waɗannan, a gaskiya, su ne suka ɗauki nauyin da gwamnati ta yar, domin kusan duk ɗakin da talaka ke kwana ciki a garin nan wani ɗan ƙasa ne ya gina shi da guminsa.

Wannan hujja ita ce ke nuna raunin maganin da ke fara zuwa bakin magabata duk lokacin da kukan haya ya yi yawa, wato ƙayyade farashi. Ƙayyade farashi na iya taka wa mai haɗama burki, amma takarda ba ta aza tubali. Muddin masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa, mai gida zai rubuta farashin hukuma a rasiɗi ya karɓi sauran a zaure, ɗan haya kuma ba zai kai ƙara ba, don ya san akwai mai jiran ɗakin a bakin ƙofa. Rashin rubutacciyar yarjejeniya kuwa yana cutar ɓangarorin biyu: shi ke ba azzalumin mai gida damar cire ƙyaure, shi ke ba macucin ɗan haya damar gudu.

Daminar 2024

Ambaliyar daminar 2024 ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya da rabi, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a farkon watan Satumba. Ɗakunan da suka fi faɗuwa su ne na laka da aka daina yi wa yaɓe, waɗanda aka gina a kwari ko bakin kududdufi. A birane, irin waɗannan ɗakuna su ne rabon ɗan haya talaka. Idan ɗakin ya faɗi, mai gida ya yi asarar gini amma filinsa na nan. Ɗan haya ya yi asarar katifa da hatsi da kuɗin da ya biya a gaba, ya koma ajin lakwal da iyalinsa har ranar da za a ce yara za su koma karatu.

A watan Oktoba 2024 gwamnati ta rage farashin siminti, kuma masana'antar Malbaza ba ta kai tafiyar awa guda daga Ƙonni ba. Mataki ne mai amfani ga mai fili da ke son gini. Wanda ba shi da fili, ko kyauta aka ba shi buhun siminti, a kan wace ƙasa zai zuba shi?

Bai kamata kuma a ɗora wa laka laifin sakaci ba. A nan jahar Tawa, a garin Yama, magini Falke Barmu ya gina masallacin laka da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tun shekarun 1980 ake horar da magina a Nijar kan gini ba da itace ba, mai rufin tubali, wanda ba ya buƙatar azara ko kwano. Ginin ƙasa mai tushen dutse da siminti, da indararo mai kyau, da yaɓe a kan lokaci, ya fi kwano sanyi kuma ya fi bulo araha. Ƙasar tana nan, maginan suna nan. Abin da ya rage shi ne fili a kan tudu da wanda zai ba da umarni.

Abin da gari zai iya da kansa

Babu ɗaya daga cikin matakan da ke tafe da ke buƙatar bashin Bankin Duniya ko taron ƙwararru a otal.

Na farko, a ƙirga. Ma'aikatar magajin gari, da taimakon masu unguwanni, ta san gidajen haya nawa ne, nawa ke da salanga da famfo, kangaye nawa ne kuma na wane ne. A liƙa sakamakon a bakin ƙofa kowa ya gani.

Na biyu, duk yankan filaye da za a yi nan gaba a ware wani kaso na ɗakunan haya, a wurin da ruwan famfo ke kaiwa kuma ambaliya ba ta kaiwa. Kada a sayar da wannan kaso. Ya zauna mallakar gari, a ba mai son gini aro na shekaru masu yawa, bisa sharaɗin salanga da famfo da kuɗin haya da aka amince da shi. Wanda bai biya kuɗin fili ba zai iya sauƙaƙa haya ya kuma ci riba.

Na uku, kango ya biya haraji mai ƙaruwa kowace shekara, kuma sharaɗin wa'adin gini ya yi aiki a kan kowa, har da mai kusanci da fada ko da ofis. Mai fili biyar zai zaɓa: ya gina, ya sayar, ko ya biya.

Na huɗu, yarjejeniyar haya ta shafi ɗaya, da boko da ajami, mai unguwa ya zama shaida. A rubuta kuɗin wata, da iyakar abin da za a karɓa a gaba, da wa'adin tashi, da wanda gyaran rufi ke kansa, a kuma hana fitar da iyali a tsakiyar damina. Tun watan Maris 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ga wurin da za a fara gwada wannan matsayi, a takardar da ta shafi barcin talaka.

Na biyar, ƙaramin bashi ga ƙananan masu gidaje, don haƙa salanga, jan famfo ko ƙara ɗaki. Masu cewa talaka ba ya biyan bashi su dubi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jahar Maraɗi a 1991 suka bazu ƙasashe da dama, da kuɗin adashen mata kawai.

Na shida ya shafi alhazan gari. Ƙonni ba ta rasa masu gina masallatai ba, Allah ya saka musu. Musulunci ya san wakafi, kuma jeren ɗakuna da aka tsayar don marayu da zawarawa, ko don a riƙa biyan limami da ladan da kuɗin hayarsu mai sauƙi, sadaka ce mai gudana.

Ƙungiyoyin ƙwadago, da suka yi kokowar Taron Ƙasa na 1991 suka kuma sha yajin aiki kan bashin albashi, sun saba neman filaye ga magoya bayansu. Lokaci ya yi da za su nemi ɗakunan haya, domin ƙaramin ma'aikaci yakan shafe shekarunsa na farko, wani lokaci har ritaya, a ɗakin wani. Ƴan kasuwa kuma su tuna cewa yaron shago da ɗan dako da direban da dukiyarsu ke tafiya a kansu, daga waɗannan ɗakuna suke fitowa kowace safiya, kuma kuɗin da haya ta cinye kuɗi ne da ba zai zo kasuwar Laraba ba.

Wata damina na tafe, wani yankan filaye ma na tafe. Ranar da za a kafa duwatsun shaida na gaba, tambaya ɗaya ce ke gaban kantoma da mai martaba sarki da wakilin ma'aikatar tsara birane: a cikin filayen nan, nawa aka ware wa ɗan haya? Ana jiran amsar da lamba, a rubuce, a bakin ƙofar ma'aikatar magajin gari.